Daga Ƙwarya Zuwa Kula: Tarihin Gudummawar Amarya a Ƙasar Mashegu

Gabatarwa

Duk wanda ya halarci bukukuwan aure a garuruwanmu a 'yan shekarun nan zai lura da wata sabga da ta shigo cikin jerin shagulgulan da ake yi kafin a kai amarya, wadda 'yan mata ke kira shawa. A wannan rana ƙawayen amarya ne kaɗai ke taruwa, su yi anko, su ci su sha, su ɗauki hotuna, sa'an nan kowace ta miƙa ƙunshin kyautarta. Tun ana saura makonni ake ta shawara a kan abin da ya dace a saya: turare ne, ko kayan kwalliya, ko kuwa a haɗa kuɗi a sayi abu guda mai tsada? Dattawa na kallon abin a matsayin baƙuwar al'ada, kuma ta fuskar suna da tsari suna da gaskiya, domin a Amurka irin wannan taro ya fara yaɗuwa, wajejen shekarun 1890. Amma ita tambayar da 'yan matan ke yi wa juna, wato me za a ba amarya, ta girmi zuwan Turawa ƙasar nan nesa ba kusa ba.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin wannan tambaya a ƙasar Mashegu ta masarautar Kontagora, mu ga irin amsar da kowane zamani ya bayar, da dalilan da suka sa ya bayar da ita. Muna ganin cewa a bayan ƙwarya da kwano da tangaran akwai wani al'amari mai nauyi, wato dukiyar da mace za ta kira tata a gidan da ba na ubanta ba.

Mashegu da Maƙwabtanta

Mashegu ƙaramar hukuma ce a Jihar Neja, jihar da aka ƙirƙiro a 1976. Tana kudu da Kontagora, arewa da Mokwa, kuma a cikinta ne ake samun garuruwa irin su Zugurma da Ibbi da Kaboji da Makera da Sahon Rami. Ƙasa ce ta haɗakar al'ummu: akwai Nufawa, da Kambari, da Hausawa, da Fulani makiyaya, kuma Hausa ita ce harshen kasuwa da ke haɗa su. A Makera ne hanyar da ta taso daga Jebba da Mokwa ta rabu biyu, reshe guda ya nufi Kontagora, ɗayan ya yi Tegina.

Zaman wannan yanki a bakin hanya ba yau ya fara ba. A 1826 Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, bayan ya ƙetare Kwara a yankin Bussa, ya yada zango na makonni a wani gari mai suna Kulfo, sunan da har yau ake jin amonsa a mazaɓar Kulho ta Mashegu. Ya tarar da babbar kasuwa inda ayarin fatake daga ƙasar Hausa da Barno da ƙasar Yarabawa da Bargu ke haɗuwa, ana cinikin gishiri da kanwa da tufafi da duwatsun ado da bayi. Ya kuma lura cewa mata na da ƙarfi a wannan ciniki, har ma a gidan wata bazawara 'yar kasuwa aka sauke shi. Wannan ya nuna mana cewa tun kafin Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya sami sarautar Sarkin Sudan a 1859 ya kuma kafa Kontagora a 1864, matan wannan shiyya sun san haja, sun san riba, sun kuma san abin da ake ajiyewa domin gobe.

Rabe-raben Kayan Aure

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu bambance kayan da ke kai-kawo a auren Bahaushe, domin jama'a kan cuɗa su. Daga wajen ango akwai toshi, da kayan na-gani-ina-so, da lefe, da kuma sadaki. Sadaki shi ne wajibi a shari'a, kuma a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, haƙƙin amarya ne ita kaɗai. Daga wajen dangin amarya kuwa akwai kayan ɗaki, da kuma gara, wato abincin da ake kai wa gidan ango: hatsi, da mai, da daddawa, da kuka, da alkaki, da nakiya. Sai kashi na uku, wanda shi ne gudummawar 'yan'uwa da ƙawaye da maƙwabta, wadda mata ke kira biki.

Gara ana cinye ta cikin 'yan watanni. Lefe ana ɗaura shi har ya tsufa. Amma kayan ɗaki, da gudummawar da ke shiga cikinsu, su ne ke zama tare da amarya. Al'ada da shari'a duka sun yarda cewa mallakarta ne. In aure ya yi albarka, da su za ta fara yi wa 'yarta tanadi. In kuwa ƙaddara ta gifta, 'yan'uwanta mata za su zo su kwashe su har tsintsiya. Saboda haka duk wadda ta ƙara wa amarya ko da faifai ɗaya ne, ta ƙara mata abin da ba mai ikon raba ta da shi.

Zamanin Ƙwarya da Tasa

A ƙarni na 19, abin da ake ba amarya abin da ƙasa da hannu suka samar ne. Akwai ƙore manya da ƙanana, wasu an yi musu sassaƙa ko zanen wuta. Akwai akushi da ludayi da muciya da maburgi. Akwai tukwane da tulu da randa. Akwai tabarma da faifai da kwando. Shi kansa lefe sunan wani kwando ne na kaba da ake zuba tufafin a ciki, daga baya sunan mazubi ya koma sunan kaya. Tufafin kuwa saƙar gida ce, irin su saƙi da tsamiya da gwado. Ranar jere, gwaggwanni da innoni ne ke shiga ɗaki su yi danki, su ɗora ƙwarya a kan ƙwarya yadda duk wadda ta leƙo za ta ƙirga da ido ta san yawan masoyan gidan su amarya.

Kowace al'umma ta yankin ta zo da nata. Bafulatana takan tare da ƙorenta na nono, kuma babbar kyautar da uba ke yi wa 'yarsa ita ce karsana, dukiyar da ke haihuwa. Nufawa kuwa sun yi fice a sana'ar hannu: Bida ta shahara da maƙeran farfaru masu ƙera tasoshi da butoci na tagulla, da kuma Masaga masu narka ƙarau su yi munduwa da duwatsun wuya, kamar yadda masani S. F. Nadel ya yi bayani a littafinsa na 1942 a kan Nufawa. A arewa kuma, wajen Dakarkarin ƙasar Zuru, saurayi da ƙarfinsa yake biyan aure, ta hanyar noman golmo na shekaru a gonar surukai. Amaryar Mashegu ta taso ne a tsakiyar waɗannan al'adu, kuma tasar Bida ita ce sarauniyar ɗakin wancan zamani, domin ba ta fashewa, gara ba ta cin ta, kuma ana iya sayar da ita ko a jinginar ranar da ido ya raina fata.

Akwai kuma wani ɓangare na wannan tarihi da bai kamata mu rufe ido a kansa ba. A gidajen sarauta da na attajirai, cikin abin da ake raka amarya da shi har da kuyangi. Ƙasar Kontagora ta sha hare-haren neman bayi, musamman a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse, wanda ya hau a 1880, har zuwa lokacin da Turawa suka ci garin a farkon 1901. Ke nan a ƙasa guda, wata yarinya ana jera mata kaya, wata kuwa ita ce ake lissafawa cikin kayan. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, amma sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta yi bincike a Maraɗi ta wallafa littafinta a 1997, ta nuna cewa bayan gushewar bauta mata sun ƙara ba kayan aure muhimmanci, domin da su ake shaida wa duniya cewa wannan amarya 'ya ce mai dangi, ba sayen ta aka yi da sadaki ba. Maraɗi da Mashegu akwai 'yar tafiya, amma a ƙasar da ta ɗanɗani bauta kamar tamu, wannan hujja ba ta buƙatar dogon sharhi.

Biki Bashi Ne

Ta yaya uwa talaka ke cika ɗakin 'yarta? Amsar tana cikin tsarin biki. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, wanda aka buga a 1954, ta yi bayanin yadda mata ke ƙulla ƙawance na musamman wanda ake musayar kyauta a cikinsa duk lokacin aure ko suna. Haka ita ma Polly Hill ta tarar a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, a littafinta na 1972. Ƙa'idar ita ce, abin da ƙawa ta kawo miki yau, ranar nata bikin za ki mayar mata da ninkinsa. Ita ma ta ninka in naki ya sake zagayowa. Haka za a yi ta tafiya har abin ya yi nauyi, sai a yi shawara a sauko a sake sabon lale.

Wanda bai san dawan garin ba zai ce wannan wahala ce kawai. Amma in muka duba da kyau, asusu ne da mata suka gina wa kansu tun babu banki. Mace takan yi shekaru tana zuba gudummawa a gidajen mutane, ranar auren 'yarta kuwa sai abin ya dawo mata a dunƙule, daidai lokacin da take buƙata. Shi ya sa ake zaunar da mai ido da tunani, daga baya mai biro da littafi, ta riƙe wa uwar amarya lissafin wadda ta kawo da abin da ta kawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ɗakin amarya jinka ne da mata da yawa suka ɗaga.

Zamanin Kwano

Mulkin Turawa ya sauya kuɗi ya kuma sauya haja. An hana shigo da wuri a 1904, aka tilasta biyan haraji da kuɗin ƙarfe. A 1912 layin dogo daga Ikko, wanda ya biyo ta Jebba da Mokwa da Zungeru, ya haɗu da na Baro zuwa Kano, sai kantunan kamfanoni irin su John Holt suka matso kusa da talaka. Ta nan ne kwanon ƙarfe mai fenti ya shigo, ya ture ƙwarya daga saman danki. Langa da samira da fanteka da kumbo suka zama abin yayi, lefe kuma ya tashi daga kwando ya koma kwalla, daga kwalla ya koma fantimoti.

Da farko daga Turai ake kawo kwanonin. A shekarun 1950 sai na Hong Kong suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma saboda arha, kuma a 1960 aka kafa masana'antar yin su a Ikeja. Masani Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga matan aure suna zuba ribar sana'arsu a kwanoni 'yan ƙasar Cekoslobakiya, suna jera su har kusa da rufin ɗaki. Ba a cin abinci a cikinsu. Ana wanke su a goge a mayar, domin su ne ma'aunin darajar mace, su ne kuma gadon 'ya'yanta mata. A ɓangaren sutura, masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, atamfa ta maye gurbin saƙi, ita kuwa 'yar Holan ta zama abin da ake dubawa da farko in an buɗe lefe.

Kuɗin albashi ya ƙara hura wutar. Aikin madatsar ruwa ta Kainji, wanda aka kammala a 1968 a maƙwabtan Zugurma, ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa zuwa yankin. A 1973 Naira ta maye gurbin fam, kuɗin man fetur suka shigo, ariyas ɗin Udoji ya faɗo hannun ma'aikata a 1975. Gadon ƙarfe mai rumfa da katifa da kabad suka shiga jerin abin da ba a tarewa sai da su.

Wannan ci gaba ya zo da nasa farashi, kuma yarinyar ce ta fara biya. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa babban dalilin da ya sa iyaye mata ke ɗora wa 'ya'yansu talla shi ne tara kuɗin kayan ɗaki. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, sai faranti da allo suka shiga takara a kan lokacin yarinya guda, kuma a gidaje da yawa faranti ne ya ci. A nan ne ya kamata mu tuna da gargaɗin Shehu Usmanu a littafinsa Nurul Albabi, inda ya zargi mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna ɗaukar su tamkar kayan amfanin gida. Abin takaici ne a ce an hana yarinya karatu domin a tara mata kwanon da ba za ta ci tuwo a ciki ba.

Zamanin Tangaran da Kula

Daga shekarun 1980 kwano ya fara komawa ƙauye, tangaran da gilashi suka hau kabad a birni, sai kuma kula mai riƙe zafin abinci. Amma a daidai wannan lokaci ne aljihu ya fara ramewa. Shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar Naira, kayan waje suka yi tsada. Masaƙun Kaduna suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar cikinsu ta rufe a 2002, kayan Sin suka cika kasuwa. Kayan sun yawaita, sun yi ƙyalli, amma ƙarkonsu ya ragu. Tasar Bida takan ga jika, kujerar zamani kuwa da wuya ta ga yaye na biyu, kuma ranar da aka fitar da ita kasuwa ba ta mayar da ko rabin kuɗinta. Duk da haka ido bai daina ƙirga ba, har ta kai wasu iyaye na cin bashi ko aron kaya domin ranar jere kawai, alhali kuwa kayan aro ba ya rufe katara.

Shaida mafi ƙarfi a kan nauyin da abin ya yi ita ce shigowar hukuma cikinsa. A 2012 gwamnatin Kano ta hannun hukumar Hisba ta fara auren zawarawa, inda ta ɗauki nauyin sadaki da kayan ɗaki, kuma a 2023 ta aurar da mata 1,800 a irin wannan tsari. A masarautarmu ma, a watan Mayun 2024, Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Neja, Abdulmalik Sarkin Daji, ya ɗauki nauyin aurar da 'yan mata 100 a ƙaramar hukumar Mariga, da yawansu marayun da suka rasa iyaye a hare-haren 'yan bindiga. Ministar Harkokin Mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta nuna adawa, aka yi ta ce-ce-ku-ce kafin a sasanta a ɗaura auren. Ko wane ɓangare mutum ya goya wa baya, darasin tarihi a fili yake. Inda aka tarwatsa ƙauye, an tarwatsa littafin biki tare da shi, domin matan da ake bin su bashin gudummawa sun watsu, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Abin da gwaggo da ƙawa ke yi a da, shi ne yanzu ake jiran ɗan siyasa ya yi.

Shawa a Ma'aunin Tarihi

In muka ɗora shawa a kan wannan ma'auni, za mu ga cewa tana da uwa a gida. Zaman lalle da ƙawaye ke yi da amarya taro ne na 'yan mata zalla, kuma gudummawar ƙawa tsohuwar al'ada ce. Bambancin yana wuri biyu. Na farko, kaso mai tsoka na kuɗin da ƙawaye ke haɗawa yana tafiya ne a anko da ado da mai hoto da kayan ciye-ciye, abin da ke isa hannun amarya kaɗan ne. Na biyu, kyautar kanta ta karkata zuwa abin da ke ƙarewa, irin su turare da mayuka, waɗanda dama lefe ya riga ya kawo.

Iyayenmu mata, duk da ba su shiga aji ba, suna da sharuɗɗa uku da suke auna kyautar amarya da su: ta daɗe, ta sayu in an matsu, kuma a san wadda ta kawo ta. Karsanar Bafulatana ta cika ukun, haka tasar Bida, haka ma samira a zamaninta. A yau abin da ke cika su ya sauya kama. Keken ɗinki ne, ko injin markaɗe, ko injin taliya, ko tunkiya, ko ɗan kunnen zinariya komai ƙanƙantarsa, ko jarin da aka saka a asusun banki da sunan amarya ita kanta. Ga ɗalibar da aure ya riska a tsakiyar karatu, biyan kuɗin rajistar zango guda ya fi saitin kula goma. Ƙawaye 10 da kowace za ta kashe kuɗi a anko, in suka haɗa rabin kuɗin, sun isa su sayi ɗaya daga cikin waɗannan.

Kammalawa

Mun ga yadda gudummawar amarya a ƙasar Mashegu ta taso daga ƙwarya da tasa, ta biyo ta kwano, ta iso tangaran da kula, kowane sauyi kuma yana tafe ne da sauyin hanya da kuɗi da mulki. Mun ga kuma cewa tsarin da ya ba mace dukiyar kanta shi ne, da ya wuce gona da iri, ya ɗora wa yarinya talla ya jefa iyaye bashi. Ba mu kira a koma wa ƙwarya, ba mu kuma ce a hana 'yan mata walwalarsu ba. Kiranmu ga ɗalibanmu mata, waɗanda su ne ƙawayen amaren yau kuma iyayen amaren gobe, shi ne su riƙa yin tambayar da kakanninsu ke yi kafin su kwance bakin zane a kasuwa: shekara 5 nan gaba, in rana ta ɓaci, wannan abu zai tsaya wa ƙawata? Allah Ya ba amarenmu zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da aka raka su da shi, amin.